Yadda Ake Nazarin Matsi Mai Ɗorewa da Ɓerayen Gwaji: Jagora ga Ɗalibanmu na Kumasi

Ɓerayen gwaji da ake kawowa Kumasi daga Accra sukan iso ne da yamma, bayan tafiyar kilomita kusan 250 a cikin akwati mai hujoji, sun sha jijjigar hanya da zafin mota da ƙarar hon tun daga Legon har Nkawkaw da Ejisu. Idan ka buɗe akwatin za ka tarar sun dunƙule a kusurwa ɗaya, gashin bayansu ya tashi, suna numfashi da sauri. Na taɓa ganin wata ɗaliba daga Aboabo ta tsaya a kan irin wannan akwati da littafinta a hannu, tana tambayar dattijon da ke kula da ɗakin dabbobi ko za ta iya fara gwajinta da safe, domin lokacin miƙa kundinta ya ƙarato. Ya ce mata: "'Yata, baƙon da ya sauka yanzu ba a tambayarsa labari sai ya sha ruwa ya huta. Ki ba su mako ɗaya." Ta ce: "To, Baba, na ji." Wannan makon da ya nema shi ne darasi na farko a wannan fanni, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa reshe ne daga gare shi. Jefa ɓera cikin matsi abu ne mai sauƙi, domin zafi da hayaniya da hannun mutum suna yin haka ba tare da an saka su ba. Wahalar aikin tana wajen tabbatar da cewa ɗaya rukunin, wanda za a gwada da shi, yana zaune lafiya da gaske.

Na rubuta wannan jagora ne saboda yaran zangonmu da suke shiga sashen haɗa magunguna da nazarin jikin ɗan Adam a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da Jami'ar Ghana, waɗanda yawancinsu sukan tashi da burin gwada wani ganye ko saiwa da iyayenmu ke sha idan zuciya ta yi nauyi. Buri ne mai kyau, kuma ƙasar nan tana da wuraren da aka gina dominsa, kamar Cibiyar Noguchi da aka buɗe a Legon a 1979 da cibiyar binciken magungunan itatuwa da ke Mampong-Akuapem. Amma ganye ba zai nuna amfaninsa ba idan gwajin da aka ɗora shi a kai gurgu ne.

Abin da kake aunawa

Kafin ka taɓa keji, ka san abin da ke faruwa a cikin dabbar. Idan ɓera ya ji barazana, wani ƙaramin sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yakan saki sinadarin CRH, wanda ke umartar fituwitari, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashinsa, ta zuba sinadarin ACTH a cikin jini, shi kuma ya sauka zuwa adirenal, wato 'yar tsokar nan da ke zaune a saman kowace ƙoda. Adirenal ce ke sakin sinadarin da ke tara sukari a jini, ya dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba, ya shirya jiki don gudu ko faɗa. A jikin mutum sunan wannan sinadari kotisol, amma a jikin ɓera babban sinadarin shi ne kotikosteron, kuma wannan bambanci yana da amfani a aljihunka, domin akwai ɗaliban da suka sayi kayan awon kotisol da kuɗi mai yawa sannan suka gano ba shi ne ya dace da dabbarsu ba. Idan barazanar ta wuce, sinadarin da kansa yakan koma ƙwaƙwalwa ya rufe famfon. Matsi mai ɗorewa shi ne halin da famfon ke buɗewa kullum, har tsarin rufewar ya fara lalacewa.

Hans Selye ne ya fara bayyana alamun wannan hali a 1936, lokacin yana Jami'ar McGill a Kanada. Ya lura cewa ko sanyi ya saka wa ɓeraye, ko rauni, ko allurar wani abu mai cutarwa, sakamakon iri ɗaya ne: adirenal ta kumbura, taimus da sauran gaɓoɓin garkuwar jiki su tsuke, ciki kuma ya yi gyambo. Ka riƙe waɗannan alamu da kyau, domin biyu daga cikinsu ana auna su da sikeli mai kyau kawai, ba sai da na'ura mai tsada ba, kuma za mu koma kansu a ƙarshe.

Izini da amana

Ba a fara irin wannan aiki sai da takardar amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike na jami'arka ko cibiyarka, kuma mujallun kirki ba sa karɓar sakamakon da ba shi da lambar wannan takarda. Kwamitin zai auna shirinka da ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka shimfiɗa a Ingila a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin zuwa iyakar abin da zai ba da amsa, a kuma gyara hanyar aikin don wahalar ta ragu. Mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan nauyin wannan al'amari. A wannan fanni kuwa nauyin ya ninka, domin da gangan za ka takura wa dabbar. Saboda haka ka rubuta tun farko, baƙi a kan fari, matakin da idan dabba ta kai shi za ka cire ta daga gwajin ko da lissafinka zai ɓaci. Yawancin kwamitoci sukan sa iyakar a raguwar kashi 20 cikin ɗari na nauyin jiki, tare da rauni mai zurfi, ko ƙin ci da sha, ko zama a dunƙule da idanu a tsuke. Akwai ma'aunin karanta ciwo a fuskar ƙaramin ɓera (jinsin da ake kira mouse da Turanci) da aka wallafa a 2010, wanda ke duba tsukewar ido da kumburin hanci da kunci da matsayin kunnuwa da gashin baki, kuma ya kamata hotunansa su kasance manne a bangon ɗakin.

Wace hanya ce ta dace da tambayarka

Hanyoyin da aka saba da su ba su da yawa, kuma kowace tana amsa tambaya dabam. Mafi sauƙi ita ce tsarewa a cikin bututu mai hujojin iska, inda dabbar ba ta jin ciwo amma ba ta iya juyawa. Da wannan hanya, awa 6 a kullum har kwana 21, Watanabe da Gould da McEwen suka nuna a 1992 a Jami'ar Rockefeller ta New York cewa rassan ƙwayoyin jijiya a sashen hifokamfus, wanda ke da hannu a tunawa, suna gajarcewa. Bayan shekara goma, a 2002, masu bincike a Bangalore ta Indiya suka nuna cewa a sashen amigdala, mai kula da tsoro, akasin haka ke faruwa, rassan suna ƙara yaɗuwa. Matsalar wannan hanya ita ce sabo. Dabbar da ake saka wa abu ɗaya a lokaci ɗaya kullum takan gane shi, sai kotikosteron ɗin da ya yi tsalle a rana ta farko ya riƙa raguwa a kwanakin baya.

Hanya ta biyu ita ce cin kashi a hannun ɗan'uwa. Ana saka ƙaramin ɓera namiji na jinsin C57BL/6J a kejin wani ƙato mai faɗa na jinsin CD-1 na minti 5 zuwa 10, sannan a raba su da shinge mai hujoji su kwana suna jin ƙamshin juna, a maimaita da sabon ƙato kullum har kwana 10. Abin sha'awa a nan shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na dabbobin sukan fito ba su guje wa 'yan'uwansu ba, kamar ba abin da ya same su, don haka hanyar ta dace da mai tambayar dalilin da ya sa wani ke jurewa wani ke karyewa. Amma tana bukatar kejuna masu yawa da jinsunan da ba kullum ake samunsu a nan ba, tana jawo cizo, kuma a tsarinta na asali maza kawai take yi wa aiki. Akwai kuma raba jarirai da uwarsu na awa 3 a kullum daga kwana na 2 zuwa na 14 da haihuwa, ga mai nazarin tasirin wahalar ƙuruciya, sai dai wannan aikin watanni ne kuma yana bukatar ka yi kiwo da kanka.

A ganina, hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi a Kumasi ita ce ƙananan takurawa marasa tsari, wadda Paul Willner da abokan aikinsa suka tsara a Ingila a 1987 bisa aikin da Katz ya fara a farkon shekarun 1980. Kayanta suna da araha, tana aiki da manyan ɓeraye (rat da Turanci) na jinsin Wistar ko Sprague-Dawley da ƙananan ICR waɗanda ake samu a ƙasar nan, kuma ta fi kama da rayuwar da muka sani, inda ba wata babbar masifa guda ke gajiyar da mutum ba sai tarin ƙananan abubuwa da ba ya sanin lokacin zuwansu. Ana karkata kejin zuwa kusurwar digiri 45 na wasu awoyi, wata rana a jiƙa shimfiɗarsa ya kwana a danshi, wata rana a bar fitila a kunne duk dare, ko a haɗa shi da baƙon ɓera, ko a kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, ko a kunna ƙarar shuu ta rediyo. Ana yin ɗaya ko biyu a rana har mako huɗu zuwa takwas. Sharaɗin shi ne kada dabbar ta iya hasashe, saboda haka ka rubuta jadawalin makonnin duka tun kafin farawa, ka tabbata abu ɗaya bai maimaitu kwana biyu a jere ba, kuma sa'ar farawa tana sauyawa. Tsarin asali ya haɗa da hana abinci da ruwa na wani lokaci, amma ni ina ba da shawarar a taƙaita shi ko a bar shi, domin tun a shekarun 1990 aka yi ta muhawara cewa ramewar da yunwa ke jawowa ita kanta tana iya sauya yawan ruwan sukarin da dabba ke sha, wanda shi ne babban ma'aunin wannan hanya.

Ɗakin rukunin ma'auni

A nan ne nake so ka daɗe, domin a nan ne yawancin gwaje-gwajen da na gani suka mutu. Sakamakonka duka tazara ce tsakanin rukuni biyu, wanda aka takura da wanda aka bari, wato rukunin ma'auni. Idan na biyun ma yana cikin wahala, tazarar za ta rufe, sai ka kammala cewa takurawar ba ta yi komai ba ko ganyenka ba shi da amfani, alhali ɗakin ne ya ci amanarka.

A shekarar 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani a ƙasar nan, na yi aiki a wani ɗakin gwaji inda aka ajiye janareta a jikin bangon ɗakin dabbobi daga waje. Wuta takan ɗauke da tsakar dare ko da hantsi, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafi ya hau, sai bayan wani lokaci janareta ya tashi da ƙara da girgiza har kwalaben ruwa suna kaɗawa a jikin kejuna. A mako na uku muka ga rukunin da ba mu taɓa ba ya rage shan ruwan sukari kusan daidai da wanda muke takurawa. Da muka zauna muka duba littafin ɗakin, sai muka gane cewa duhu da haske marasa lokaci, zafi mai hawa da sauka, da ƙarar da ba a san sa'ar zuwanta ba, su ne ainihin tsarin Willner, kuma dukan dabbobin sun sha shi. Aikin wata biyu ya tafi, kuma abin da ya fi damuna har yau shi ne dabbobin sun sha wahalar da ba ta haifar da ilimin komai ba.

Saboda haka kafin ka yi odar dabba ko ɗaya, ka yi mako biyu kana auna ɗakin da babu kowa a ciki. Ka rataya ma'aunin zafi da danshi mai riƙe mafi girma da mafi ƙanƙanta, ka rubuta safe da yamma. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce digiri 20 zuwa 26 na zafi, danshi kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari, haske awa 12 duhu awa 12. A Kumasi danshi yakan haura wannan iyaka da damina, sannan ya faɗi ƙasa sosai idan hunturu ya busa tsakanin Disamba da Fabrairu, don haka gwajin da ya fara a Nuwamba ya ƙare a Janairu an yi shi ne a yanayi biyu. Fitilar ɗakin ta kasance a kan agogo mai kunna kansa wanda ke da batirin ajiya. Idan dole ka shiga da dare, ka yi amfani da jar fitila mara ƙarfi, domin idon ɓera ba ya kama jan haske sosai, kuma kada ka haska su da tocilan wayarka.

Ka saurari unguwar kuma. Duk mazaunin Kumasi ya san yadda ranar Asabar take da lasifikokin jana'iza, kuma ɗakin da yake shiru ranar Talata yana iya zama wani abu dabam a ƙarshen mako. Kunnen ɓera yana jin sautukan da suka fi ƙarfin namu, har da na famfon da ke ɗiga da ƙarfen keken kaya da wasu na'urorin lantarki. Babban ɓera idan ya firgita yakan yi wani kuka a wajen kilohaz 22 wanda mu ba ma ji amma 'yan'uwansa suna ji sarai, kuma jikinsa yana fitar da ƙamshin tsoro. Wannan ne ya sa ba a takura wa dabba a gaban rukunin ma'auni. A sami ɗaki biyu, ko aƙalla a riƙa fitar da rukunin takurawa zuwa wani wuri, a kuma fara hidimar rukunin ma'auni kowace safiya kafin a taɓa ɗayan, da safar hannu dabam da rigar aiki dabam.

Shimfiɗa ma tana da nata labarin. Garin katako yana da arha a garin nan, ana samunsa buhu-buhu a wajen masu yankan katako na Sokoban, amma ka tambayi irin icen da ko an yi masa feshin maganin gara, domin wasu itatuwa masu ƙamshi suna sauya aikin hanta, wanda zai sauya yadda jiki ke narkar da maganin da kake gwadawa. A tankaɗe shi, a gasa shi ko a turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, a kuma sayi wanda zai isa gwajin duka daga wuri ɗaya. Haka abinci: buhun da ya sha danshi ya yi hunhuna ba ya shiga ɗakin.

Sai kuma kai kanka. A 2014 masu bincike a McGill suka wallafa cewa kasancewar namiji a ɗaki, ko ma rigar da namiji ya kwana da ita, tana ɗaga kotikosteron ɗin ɓeraye har ta rage musu jin ciwo, abin da ba a gani ba idan mace ce. Ma'anar wannan a aikace ita ce mutum ɗaya ya riƙe aikin daga farko zuwa ƙarshe, a kuma rubuta a rahoto ko namiji ne ko mace. Turare da man shafawa mai ƙamshi a bar su a gida, har da ranar Juma'a idan za ka biya ɗakin bayan masallaci. Kada ka ɗaga ƙaramin ɓera ta wutsiya. Hurst da West na Jami'ar Liverpool sun nuna a 2010 cewa ɓerayen da ake ɗauka a cikin ɗan bututu ko a tafin hannu sun fi natsuwa kuma sun fi kusantar mai kula da su. Guntun bututun roba na masu aikin famfo, wanda aka goge bakinsa aka wanke, ya isa wannan aiki. Kuma kada ka ware dabbobin rukunin ma'auni ɗaya-ɗaya don sauƙin awo, domin kaɗaici shi kansa takurawa ne ga dabbar da ta saba zama cikin dangi. Idan awon sukari ya tilasta rabuwa, a raba su na awoyin awon kawai, kuma a yi wa rukunonin duka iri ɗaya.

Rabo da awo

Bayan makon hutu, ka yi wani makon kana ɗaukarsu kullum na minti ɗaya ko biyu har su saba da hannunka, kana auna nauyinsu da shan sukarinsu na asali. Sannan a raba su da ƙuri'a. Kada ka miƙa hannu ka ɗauko wanda ya fara zuwa, domin wanda ya fi sauƙin kamawa yana da hali dabam da wanda ke gudu. Ka ba kowanne lamba, ka bar kwamfuta ta jujjuya lambobin. Yawan dabbobin kuma a lissafa shi da manhaja irin G*Power, wadda kyauta ce, maimakon a kwafo shi daga kundin wani. Idan keji guda ake karkatawa ko jiƙawa da dabbobi huɗu a ciki, to a lissafi kejin ne guda ɗaya, ba dabbobi huɗu ba, kuma wannan kuskure ne da ke kumbura sakamako ya nuna abin da babu. Ka sa maza da mata, kamar yadda hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara nema daga masu karɓar kuɗinta a 2016, domin ciwon damuwa ya fi yawa a mata kuma an daɗe ana nazarinsa a jikin maza kawai. Idan ganye kake gwadawa, kana bukatar rukunin da aka ba sanannen maganin ciwon damuwa kamar fuloksetin ko imifiramin, kuma ka sani a wannan hanya maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan makonni, kamar yadda yake a jikin mutum. Duk rukunin da ba a ba magani ba a ɗura masa ruwan da aka narka maganin a ciki, a sa'a ɗaya da hanya ɗaya.

Awon sukari yana tambayar ko dabbar ta daina jin daɗin abin da take so a da. Ana rataya kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla ɗaya ruwa mai sukari kashi 1 cikin ɗari, a auna nauyin kowace a sikeli kafin da bayan awon, a sauya musu gefe a tsakiyar lokacin saboda wasu ɓerayen suna da gefen da suka fi so. Idan dabba ta sha giram 24 na mai sukari da giram 6 na ruwa, ka raba 24 da 30 ka ninka da ɗari, ka sami kashi 80. Ka rataya wasu kwalabe biyu a kejin da babu kowa don sanin abin da ke ɗiga da kansa, ka cire shi daga lissafi. A yi awon sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sa'a ɗaya, zai fi kyau a farkon duhu lokacin da suke farke.

Sauran gwaje-gwajen hali a jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, da kwana ɗaya ko biyu a tsakani. A fara da buɗaɗɗen fili, akwatin da ake duba yawan yawon dabba da ko tana kuskura ta shiga tsakiya, sannan gada mai hannu huɗu da aka ɗaga sama, biyu a rufe biyu a buɗe, na minti 5. A goge na'urar tsakanin dabba da dabba a bari ta bushe. Gwajin iyo na dole, wanda Porsolt ya ƙirƙiro a Faransa a 1977, ya yi suna saboda sauƙinsa, amma masana da yawa yanzu suna ganin ɓeran da ya daina fafutuka ya kwanta a kan ruwa dabarar adana ƙarfi yake yi, kuma kiran wannan yanke ƙauna ya wuce abin da gwajin ya nuna. Idan malaminka ya nace a kansa, a yi shi a ƙarshe, ruwan ya kasance digiri 23 zuwa 25, a tsane dabbar a ɗumama ta nan take. Duka waɗannan a ɗauke su a bidiyo, ko da waya ce aka ɗaure a sama, sannan abokin aikinka ya sauya sunayen fayilolin zuwa lambobin da shi kaɗai ya san ma'anarsu kafin ka zauna ƙirgawa. Idon mai son ganyensa ya yi aiki yakan ga abin da yake so ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba.

Jini yana da ƙa'idar lokaci guda biyu. Kotikosteron yana hawa da sauka a cikin yini, yana ƙasa da safe lokacin da ɓera zai kwanta, yana kai ƙololuwa dab da duhu, saboda haka jinin da aka ɗiba da ƙarfe takwas na safe ba a gwada shi da na ƙarfe biyar na yamma. Na biyu kuma, daga lokacin da ka taɓa kejin kana da kimanin minti 3 kafin sinadarin ya fara hawa saboda kamun da kansa. Wanda ba shi da saurin hannu ya fi masa ya tara kashin dabbar, domin ana iya auna ragowar sinadarin a cikinsa ba tare da an taɓa ta ba, kuma yana ba da hoton awoyi da yawa maimakon na minti ɗaya.

Wajen rubutu, ka kiyaye harshenka. Ɓera ba ya gaya maka yana baƙin ciki, kuma ba ya tunanin kuɗin haya ko jarrabawa. Abin da ka gani shi ne raguwar shan sukari ko gudun fili, don haka ka rubuta hakan da sunansa, ka ce hali ne mai kama da wata alama ta ciwon damuwa. Ka bi jerin ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton binciken da aka yi da dabbobi, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, ka faɗi jinsi da shekaru da inda aka samo dabbobin, da zafin ɗakin na haƙiƙa har da ranakun da wuta ta ɗauke, da kowace dabbar da aka cire da dalilin cire ta. Idan ganyen bai yi aiki ba, ka rubuta haka ka nemi a wallafa, don kada wani ɗalibi ya sake saka wasu dabbobin a hanyar da ka riga ka bi.

A ranar ƙarshe, bayan an kashe dabbobin ta hanyar da kwamiti ya amince da ita, ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da sauran ba sa gani ba sa jin ƙamshi, sai a koma ga alamun Selye. Ka ciro adirenal biyun, ka share kitsen da ke kewaye da su a hankali a kan takarda mai ɗan danshi don kada su bushe, ka auna su a sikelin da ke karanta miligiram, ka yi haka da taimus da ke bayan ƙashin ƙirji, sannan ka raba kowane nauyi da nauyin jikin dabbar. Idan adirenal ɗin rukunin takurawa ta fi nauyi, taimus ɗinsu ya tsuke, nauyin jikinsu ya yi baya, to takurawar ta kama jiki kuma kana da hujjar fassara sauran sakamakonka. Idan kuwa ka ɗora na rukunin ma'auni a sikeli ka ga babu bambanci, ka ajiye lissafin ganyen tukuna, ka ɗauko littafin ɗakin ka fara karanta shi daga ranar da akwatin ya iso.